Ledar Da Ta Ci Tunkiyar Gwaggo

Duk wanda ya taɓa shiga motar Illela daga Sakkwato, ya wuce Kware ya wuce Gwadabawa, ya san cewa tun kafin ya hango rumfunan gari akwai masu fitowa su tarbe shi. Su ne baƙaƙen ledojin nan da iska take kwasowa ta rataye a ƙayar bagaruwa da aduwa da magarya, suna ta kaɗawa a gefen hanya kamar masu yi wa baƙo barka da zuwa. Tafiyar kusan kilomita 85 ce, na kuwa yi shekara da shekaru ina bin ta, ina kallon ledojin nan ta tagar mota kamar yadda nake kallon jakuna da raƙuma, ban taɓa ɗaukar su a bakin komai ba. Sai ranar da aka farke cikin tunkiyar gwaggona a gaban idona, sannan na fara tambayar kaina inda suke fitowa da inda suke zuwa. Labarin wannan tunkiya da abin da ya biyo bayanta nake son in ba 'yan uwa masu karatu a wannan fitowa.

Ga wanda bai san Illela ba, gari ne na bakin iyaka, tsakaninsa da Birnin Ƙonni ta Jamhuriyar Nijar 'yan kilomitoci ne kawai. Kasuwarmu ranar Lahadi take ci, ta Ƙonni kuma ranar Laraba. In ka shiga kara ranar kasuwa za ka ga shanu da raƙuma da tumaki da awaki da aka koro daga can cikin Nijar, ga manyan motoci sun jeru suna jiran a loda su zuwa Kudu. Ga buhunan albasa na fadamar Kalmalo da na Galmi, ga 'yan canji rungume da sefa da naira, ga dillalai da 'yan dako da 'yan kamasho da 'yan kabu-kabu. Dukkan waɗannan bayin Allah sai sun ci abinci, kuma mafi yawansu a tsaye suke ci, ko a cikin mota, ko a bakin shago da ido ɗaya a kan haja. Daga cikin masu ciyar da su akwai Gwaggo, ƙanwar mahaifina, wadda ta fi shekara talatin tana da rumfa kusa da tasha. Da safe masa da miyar taushe, da rana shinkafa da wake da mai da yaji. Da wannan rumfa ta riƙe 'ya'ya biyar bayan rasuwar mijinta, daga cikinta kuma aka sha sayo mini littafin rubutu da sabulun komawa makaranta.

Ni ma a rumfar na tashi, don haka na san yadda ake ɗaukar abinci kafin leda ta zama ruwan dare. Mai sayen masa ko ƙosai a ganyen kalgo ake ƙunsa masa, ko a 'yar takarda. Mai tsire da mai balangu suna da takardar siminti. Alala a gwangwanin madara ake dafa ta, a juye wa mai saye a hannu ko a ganye, gwangwani ya koma tukunya. Fura tana cikin ƙwarya an rufe ta da faifai, matafiyi kuwa ya sa a dama masa a zuba a gorarsa ko jallonsa. Goron da ake kawowa tun daga Kurmi a cikin huhu yake zuwa, an lulluɓe shi da ganyen fita ana yayyafa masa ruwa, ya yi makonni a hanya bai bushe ba. Wanda yake son abinci mai miya kuwa, ko ya zauna a benci ya ci, ko ya aiko yaro da kwano, ko Gwaggo ta ba shi aron nata. Kowane kwano nata yana da ɗigon jan fenti a gindi. Aikina kullum bayan azahar shi ne in bi shaguna da rumfunan 'yan canji ina tattaro su. In na dawo ta dube su sau ɗaya ta ce, "Saura guda, yana wurin mai faci." Ta san su kamar yadda Bafillace ya san shanunsa.

Ita ledar da muke magana a kai ba tsohuwa ba ce a duniya. Irin wadda ake riƙewa da hannu biyu ɗin nan, wani injiniya ɗan ƙasar Suwidin mai suna Sten Gustaf Thulin ne ya tsara ta, kamfaninsu ya yi mata rajista a 1965. Daga man fetur da iskar gas ake samo sinadarin da ake yin ta. Lokacin da ta fara zuwa mana abar marmari ce. Na tuna iyayenmu mata suna wanke ta su shanya a igiya tare da zannuwa, su ninke su ajiye a ƙarƙashin katifa. Amma kafin shekarun 1990 su ƙare, ruwan leda ya shigo, ita kuma baƙar leda da 'yar fara mai shara-shara sun yi araha har mai saye ya daina biya, mai sayarwa ke bayarwa kyauta. Sai ga koko a leda, kunu a leda, fura a leda, miya mai zafi a leda, har alala ta bar gwangwani ta koma leda. Aikina na tattara kwanuka ya mutu murus, babu ma wanda ya yi masa ta'aziyya.

Sai dai kada mu ci amanar gaskiya, leda ba da ƙarfin tsiya ta ƙwace kasuwa ba. Ba ta da nauyi, ba ta yoyo in an ɗaure ta da kyau, ba ta buƙatar wanki a garin da ake sayen ruwa wurin 'yan ga-ruwa. Direban da mota ta cika yana danna ham ba shi da lokacin zama a benci. Ruwan leda kuma ya raba mutane da moɗa guda da baki ɗari yake sha da ita. Akwai ma wani amfani da ba a cika faɗa ba, wato sutura. Magidancin da ya sayo garin kwaki na kuɗi kaɗan zai ratsa unguwa da baƙar ledarsa, babu wanda ya san ko nama ne a ciki. Duk wanda zai kawo abin da zai maye gurbin leda, to ya fara sanin waɗannan alherai nata, in ba haka ba zai sha kunya kamar yadda na sha.

A farkon 2019 Gwaggo ta sayi tunkiya 'yar Uda, gabanta ja bayanta fari, doguwa mai manyan kunnuwa. Niyyarta ta haihu a sayar da 'ya'yan a haɗa wa autarta kayan ɗaki. Da rana tana ɗaure a bayan rumfa tana cin dusa da ƙanzon shinkafa, da yamma in kasuwa ta watse a sake ta ta yi kiwo a filin tasha kamar sauran dabbobin gari. Da bazara ta yi tsanani, ciyawa ta ƙare, sai tunkiya ta fara ramewa alhali cikinta yana nan tim kamar mai juna biyu. Har murna aka yi, ana cewa tagwaye ne. Daga nan ta rage cin abinci, ta daina tuƙa, kashinta ya ƙanƙance, gashinta ya tashi. Aka ba ta kanwa, aka ba ta maganin tsutsa, aka jiƙa mata sassaƙe, duk a banza. Wata Asabar ina gida hutu aka wayi gari ta kasa tashi, sai aka yi maza aka kira mahauci don kada ta mutu mushe.

Ina tsaye ya feɗe ta. Babu ɗa ko guda a cikinta. Da ya tsaga tumbi sai ya sa hannu ya jawo wani abu baƙi, dunƙulalle, mai tauri kamar tsohuwar igiyar rijiya da aka cukuikuye. Ya ɗora a ƙasa ya warware da wuƙa. Ledoji ne zalla, baƙaƙe da farare, da na ruwa da rubutunsu bai ma goge ba, sun murɗe da juna sun cika tumbin. Mahaucin bai nuna mamaki ba ko kaɗan. Ya goge wuƙarsa ya ce, "Hajiya, sai haƙuri. Wanga abu kullum muna hidda shi ga shanu da tumaki. Wata saniya in munka buɗe ta, abin da ac ciki sai ya cika bokiti." Daga baya wani abokina likitan dabbobi ya yi mini bayani. Ya ce ledar da aka zuba abinci tana ɗauke da mai da gishiri, dabbar da yunwa ta dama tana jin ƙamshin sai ta haɗiye ta gaba ɗaya. Ƙwayoyin halittar da ke cikin tumbi suna iya narkar da ciyawa da kara har da takarda, amma ba su iya taɓa leda. Sai ta zauna, wata ta tarar da wata, har wurin abinci ya ƙare. Dabba ta ji ciki a cike, alhali yunwa ce take kashe ta.

Gwaggo ba ta yi kuka ba. Ta tsuguna ta ɗauki tsinke tana jujjuya tarin nan, can sai ta tsaya a kan wata 'yar farar leda da aka yi wa ɗauri biyu a baki, irin ɗaurin da ita kaɗai take yi wa miyar taushe. Ta daɗe tana kallon ta. Sannan ta ce, "Wagga tawa ta." Ba ta ƙara komai ba, ta tashi ta shiga ɗaki. Ni kuwa da rawar kai irin ta ɗan boko, ban bari zafin ya huce ba, da dare na same ta na fara wa'azi a kan illar leda, yadda take toshe magudanar ruwa da damina, yadda take tara ruwan da sauro ke ƙyanƙyasa, yadda take hana shuka yin saiwa in an kai takin juji gona, da hayaƙin da take yi in an ƙone ta. Ta bar ni na gama tsaf, sannan ta ce, "To Malam, na ji. Mi kaka son in yi? In zuba musu miya ga hannu?"

Wannan tambaya ta hana ni barci. Na koma Sakkwato da alkawarin zan kawo mata mafita, kuma mako biyu bayan nan na dawo da ɗaurin farar robar nan mai kama da soso da ake kira tekawe, irin wadda ake raba abinci a ciki a wurin biki da taro. A ganina na kawo wayewa. Kwana uku Gwaggo ta yi tana gwada ta. Kuɗin guda ɗaya ya kai na ledoji masu yawa, in ta ɗora a kan farashi mai saye ya yi tsaki, in ta haɗiye riba ta tafi. Murfinta ba ya kamawa, mota na faɗawa rami miya ta bi rigar fasinja. Mai zafi yana cin jikinta har ya yi mata tabo. Abin dariyar ma shi ne, kowa ya karɓa sai ya ce a saka masa a leda, sai shara ta zama biyu. Ga ta kuma ba ta ruɓewa, tana dai farfashewa ta zama ƙanana iska ta watsa. Da na ji a watan Janairu na 2024 cewa gwamnatin Jihar Legas ta haramta irin wannan roba saboda yadda take cushe magudanan ruwa, sai na tuna da sauran ɗaurin da Gwaggo ta mayar mini a buhu ba tare da ta ce uffan ba.

Gwaji na biyu ya fi na farko albarka, domin a wannan karon na rufe bakina na buɗe idona. Na lura cewa abin da take sayarwa kashi biyu ne, busasshe da mai ruwa, kuma mu ne muka haɗa su a hukunci ɗaya. Masa da ƙosai da awara da soyayyen dankali ba su da wata buƙata ga leda, hasali ma cutar su take yi. Masa mai zafi in ta shiga leda sai ta yi gumi ta saki jiki, kafin a kai Gwadabawa ta zama kamar an jiƙa ta. A takarda kuwa tururin yana fita, man da ya yi yawa ya tsotse. Masu kilishi sun daɗe da sanin haka, shi ya sa suke naɗe shi a takarda mai ruwan ƙasa. Na so in kawo mata tsofaffin jaridu, abokina likita ya hana, ya ce tawada tana narkewa a mai, har ma hukumar kula da abinci ta ƙasar Indiya ta hana naɗe abinci da jarida saboda wannan dalili. Sai muka nemi tsaftatacciyar takarda mai ruwan ƙasa wadda ba a yi rubutu a kai ba. Gwaggo da kanta ta gano ninkin da ya dace, ta yi shi kamar aljihu, ta lanƙwasa kusurwa ɗaya ta zama ma'ajin yaji, ta soke baki da tsinken tsire. Mutum zai riƙe da hannu ɗaya ya ci da ɗaya. Babu wanda ya yi ƙorafi, wasu ma cewa suka yi masarta ta ƙara daɗi. Wanda ya jefar kuma akuya ta cinye, babu abin da zai same ta.

Saura miya da shinkafa mai mai, nan ne gizo yake saƙa. A lokacin na ɗauka doka ce kaɗai magani, domin na karanta cewa Bangaladash ta haramta sirarar leda tun 2002 bayan ta ga yadda take toshe hanyoyin ruwa lokacin ambaliya, Ruwanda ta bi a 2008, Kenya a 2017. Amma ba sai na je nesa ba. Maƙwabtanmu na Nijar sun kafa tasu dokar a 2014, wadda ta hana ƙera sirarar leda da shigo da ita da sayar da ita. Wata Laraba na hau kabu-kabu na tsallaka kasuwar Ƙonni, na tarar mai fura da mai nama da mai tumatir kowa da ledarsa a rataye, itatuwan bayan kasuwa kuma sun yi irin adon namu. Ban ga laifin matan ba. An ce su daina, ba a ba su amsar tambayar Gwaggo ba. Kuma dogaro da cewa wai za a tsince a sake narkawa shi ma bai kai ko'ina ba, tun da rahoton ƙungiyar OECD na 2022 ya nuna kashi 9 cikin 100 ne kawai na sharar roba a duk duniya ake sake sarrafawa. 'Yan gwangwan da ke yawo a Illela suna sayen ƙarfe da goran ruwa da tsohon takalmi, amma ban taɓa ganin wanda ya sayi ledar miya ba.

Mafita ta zo ta inda ba mu zata ba. A watan Agusta na 2019 gwamnatin Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa, Illela ta yi tsit, ba a sake buɗe tamu ba sai Disamba 2020. Baƙi suka ɗauke ƙafa, cinikin Gwaggo ya faɗi warwas, har ta rage tukunya. Waɗanda suka rage mata su ne 'yan gida, wato masu faci, da teloli, da 'yan kamasho, da direbobin Sakkwato masu zuwa su koma kullum. Wata rana tana ƙirga ciniki sai ta ce da ni, ai waɗannan duk ta san inda suke kwana, me ya sa take sayen leda tana ba mutumin da ke zaune taku ashirin daga rumfarta? Ta kwance bakin zane, ni ma na cika mata, muka sayo langa ashirin masu murfi mai kamawa. Ta aika aka samo jan fenti, ta ɗiga wa kowace a gindi kamar dā.

Ni na kawo shawarar a riƙa karɓar jingina, kamar yadda ake yi da kwalbar lemo a zamanin da, ka bar kuɗin kwalba in ka dawo da ita a mayar maka. Gwaggo ta karɓi rabi ta watsar da rabi. Ta ce mutumin da ya shekara ashirin yana cin tuwonta in ta ce ya ajiye kuɗin kwano ta zage shi, ba zai sake zuwa ba. Don haka sananne a ba shi da amana, baƙon ido ya bar jingina, wanda ya zo da kwanonsa kuma a yi masa gyara da cokali guda. Hakan kuwa aka yi. Direbobin hanyar Sakkwato suka saba, su ɗauki cikakkiya da safe su dawo da ta jiya. Abinci ya fi daɗewa da zafi, babu mai sake cizon gindin leda yana tsotsar miya kamar jariri. Da na ba ta labarin masu dakon abinci na birnin Mumbai, waɗanda tun wajen 1890 suke kai wa ma'aikata abincin rana a kwanukan ƙarfe masu hawa-hawa su kuma dawo da su gida da yamma, da yadda Jamus ta wajabta wa gidajen abinci tun Janairu 2023 su tanadi kwanon da ake dawowa da shi ga mai so, sai ta yi dariya ta ce, "Ashe su ma sun san aron kwano."

Kada mai karatu ya ɗauka an gama, an yi nasara, kowa ya watse. Kwano yana da nasa haraji. Kullum sai an ƙara jarkar ruwa da sabulu, kuma wankin sai da ruwan zafi, domin kwanon da ya zaga hannu goma in ba a wanke shi da kyau ba ya fi leda haɗari, musamman da damina lokacin amai da gudawa. Da farko jikarta ce take wankin, har ta fara makara a makaranta, sai da muka yi faɗa da Gwaggo kafin ta ɗauki wata mata tana biyan ta. Daga cikin langa ashirin na farko, shida sun bi duniya. Sannan babbar matsalar tana nan inda take, wato baƙon da ya sauko daga Tawa zai wuce Legas, wanda ba zai sake ganin Illela ba sai baɗi. Ba zai bar jingina ba, takarda kuma ba ta riƙe masa miya. Har yau shi leda ake ba shi, kuma har yau Gwaggo tana yi mata ɗauri biyu.

Saboda wannan baƙo nake ganin akwai aiki a gaban masu ilimin ƙere-ƙere namu. Abin da ake nema ba mai wuyar faɗa ba ne. Mazubi ne da zai riƙe miya mai zafi na awa biyu ko uku bai jiƙe ba, mai murfin da zai jure ramukan hanya, wanda za a jera ɗari a ƙarƙashin tebur bai cinye wuri ba, wanda ba a ganin abin da ke ciki, kuɗinsa kuma bai fi ƙarfin mai sayen shinkafar talaka ba. In an jefar da shi ya ruɓe ya zama taki, in tunkiya ta riga ƙasa kai wa gare shi ya zame mata abinci. A Indiya ana matse ganye a ɗinka shi ya zama faranti, ana kuma yin 'yan kofunan yumɓu na shan shayi. A ƙasashe da dama ana sarrafa tuƙar rake ta zama kwano mai murfi. A Kudancin ƙasarmu har gobe ana naɗe alala da shinkafar Ofada a faffaɗan ganye. Mu kuwa muna da karan gero da na dawa, da ɓuntun shinkafa da ake ƙonewa a banza, da kaba, da masu ginin tukwane da masu saƙar faifai da sana'arsu take mutuwa. Fatana shi ne ɗaliban Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Umaru Ali Shinkafi su waiwayi wannan fanni. Shawara ɗaya zan ba duk wanda ya ɗauki aikin, kafin ya zana komai ya je ya yini a rumfar mai abinci ranar Lahadi, ya ga yadda hannunta yake aiki lokacin da mutum goma suke miƙo kuɗi a tare. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ni sai da na yi asarar kuɗin tekawe kafin na yarda.

Bari in rufe da labarin ɗaya daga cikin langa shidan nan da suka ɓace. Akwai wani direba mutumin Ƙonni da ya saba da rumfar bayan an buɗe iyaka. A ƙarshen Yuli na 2023 ya karɓi shinkafa da wake ya ce sai gobe. Goben ba ta zo ba, domin sojoji sun yi juyin mulki a Yamai ranar 26 ga watan, aka sake garƙame iyaka, ba a buɗe ba sai Maris 2024. Gwaggo ta cire langar daga lissafi, ta ce Allah ya sa ya ci da lafiya. Ana cikin azumin wannan shekara, ina zaune a benci da yamma ana shirin buɗa baki, sai ga mutumin ya tsaya da mota. Ya durƙusa ya gaishe ta, ya ce, "Inna, ga amanarki, wata takwas tana hana ni kwana." Ya miƙo langa an wanke ta fes, jan fentin yana nan a gindi. Da yake a wurinmu ba a mayar da kwano wofi, ta buɗe sai ga cuku da dabino ya cika ta da su. Ta yi ta sa masa albarka har ya ji kunya. Sai da ya tafi na lura cewa langar a cikin baƙar leda ya kawo ta. Na dubi Gwaggo, ta dube ni, muka fashe da dariya. Ta karkaɗe ledar, ta ninke ta gida huɗu kamar yadda iyayenmu suke yi a dā, ta tura a ƙarƙashin tabarma.

Autar tata an yi bikinta, ko da yake sai da aka ci bashi aka haɗa kayan ɗakin. Gwaggo ta sake sayen wata 'yar Uda, ta haihu har sau biyu. Wannan ba a sakin ta ko da wasa, tana ɗaure a bayan rumfa dare da rana, ana sayo mata harawa. Tumakin maƙwabta kuwa suna nan suna kiwo a filin tasha da yamma, ina ganin su duk lokacin da na je gida. Allah ya sa mu dace, sai mun haɗu a fitowa ta gaba.